Ranar da Auta Ta Nemi Alli

A shekarar da na kammala digirina, ina zaune a gidanmu da ke Ƙofar Rini ina jiran kiran hidimar ƙasa, ƙanwata tana aji shida na firamare. Ita ce ƙarama a ɗakinmu, saboda haka kowa Auta yake kiranta, har malaman makarantarsu. Yarinya ce marar yawan magana. Idan aka aike ta ba ta tsayawa wasa a hanya, idan aka yi baƙi takan durƙusa ta gaishe su, ta koma gefen Inna ta zauna. Amma tun tana aji uku na lura cewa lissafi ba ya ba ta wuya. Nakan dawo hutu daga jami'a in tarar ta gama littafin ajinsu tun malami bai kai rabinsa ba, ta ɗauko tsohon littafina na sakandare tana bin misalansa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya sa ta ba.

A shekarar ne makarantarsu ta sa ta cikin 'yan yaran da za su zauna jarrabawar shiga makarantar masu hazaƙa. Makaranta ce ta kwana, kuma yaran da take ɗauka kowace shekara ba su da yawa. Ɗan aji shida kaɗai ake bai wa damar zama jarrabawar, wanda ya faɗi kuwa ba ya maimaitawa. Na san abin da ke jiran Auta idan ba ta samu ba, domin ni ta can na bi: sakandaren unguwa, inda ajinmu ya cika har wasunmu kan zauna a bakin taga, malami kuma ba shi da halin sanin wanda ya gane da wanda aka bari a baya. Na fito daga can da abin da Allah ya ba ni, kuma na gode. Sai dai ban so Auta ta shafe shekarun sakandare tana zaman jiran 'yan ajinsu su iso inda take ba.

Jarrabawar hawa biyu ce. Ta farko a rubuce take, kuma ban taɓa jin tsoronta ba. Auta ta shiga ta fito, na tambaye ta yadda aka yi, ta ce, "Lahiya lau, Yaya," ta nemi ruwan sha. Bayan 'yan makonni aka kira ta hawa na biyu, wato jarrabawar baka, inda yaro zai tsaya shi kaɗai a gaban masu tantancewa.

Wadda ta fara nuna mini inda matsalar take ita ce malamar ajinsu. 'Yar Filato ce, Kirista, ta daɗe a Sakkwato har 'ya'yanta duk a nan aka haife su, kuma ni ma ta koyar da ni a ajin da Auta take. Wata Asabar da hantsi ta zo gidanmu a kan babur ɗin kabu-kabu, ta gaisa da Inna, ta sha ruwa, sa'an nan ta ce in raka ta zaure.

"Yarona, ka gama jami'a, ka zama babban mutum," in ji ta. "To ga aiki na kawo maka. Ƙanwarka za ta faɗi jarrabawar nan."

Na ce, "Malama, Auta fa? Wace tambaya za su yi mata da ba ta san amsarta ba?"

"Babu. Abin da ke ba ni haushi ke nan."

Ta bayyana mini abin da tsofaffin ɗalibanta da suka taɓa zuwa suka gaya mata. Masu tantancewar ba su cika tambayar yaro abin da ya haddace ba. Ɗayansu yakan rubuta tambaya a allo, ya warware ta da kansa a gaban yaron, ya saka kuskure a ciki da gangan, sa'an nan ya juyo ya ce, ka yarda? Abin da suke nema shi ne yaron da zai ga kuskuren, ya kuma iya faɗa.

"Na gwada ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba," in ji Malama. "Ina kallon idonta, ya je ya tsaya daidai inda na yi ɓarnar. Daidai wurin! Na ce, kin yarda? Ta sunkuyar da kai ta ce, yadda kika ce, Malama. Na ce ki duba da kyau. Ta ce wai wataƙila ita ce ba ta gane ba. Gaskiya kamar in yi kuka. Ni 'yata da na yi mata haka, kafin in ajiye alli ta ce, Mama, kin yi shirme. Ku kuma kun yi tarbiyya har ta yi muku yawa."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Da na zauna na yi tunani, ban ga abin mamaki a ciki ba. Mahaifinmu baduku ne, yana da rumfa a kasuwa, kuma mutum ne mai tsari a gidansa. A wurinsa yaro ba ya ce wa babba a'a. Idan Baba ya ce yau Talata alhali Laraba ce, ba mai gyara masa a take. Wanda ya lura zai je ya gaya wa Inna, ita kuma ta san lokacin da za ta sako maganar a cikin hira, yadda zai gyara da kansa ba tare da kowa ya ji kunya ba. Haka muka tashi muka ga ana yi. Ni kaina sai da na kai aji biyu a jami'a kafin na iya ɗaga hannu in ce wa malami ban gamsu ba. Har yau ban ɗauki wannan tarbiyya a matsayin aibi ba. Ta tsare mu daga abubuwa da yawa. Amma a ɗakin da Auta za ta shiga ba za a bar Inna ta shiga tare da ita ba.

Washegari na sayo alli, na mayar da bangon tsakar gida allo. Nakan rubuta tambaya, in warware ta, in dasa kuskure a tsakiya, wani lokaci ƙarami, wani lokaci irin wanda ɗan aji biyu zai gani. Auta takan tsaya hannuwanta a cikin hijabi, ta dubi bangon, ta dubi ƙasa.

"Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu. Haka ne, Auta?"

Ta ci gaba da kallon ƙasa.

"Tambayarki nake yi."

"Yadda kac ce, Yaya."

Sai bayan mun tashi, ina cin abinci, Inna ta zo wucewa ta ce mini, kamar maganar ba ta dame ta ba, "Wai Auta ta ce ka sake duba na biyun nan da na ƙarshe." Kullum haka. Babu kuskuren da ya taɓa wuce ta, kuma babu wanda ya taɓa fitowa daga bakinta zuwa kunnena kai tsaye.

Wata rana bayan la'asar haƙurina ya ƙare. Na buga allin a bango har ya karye, na ɗaga murya na ce, "Ki buɗe baki ki ce, Yaya, ba daidai ba ne! Ki ce kuskure ka yi!" Ban san Baba ya dawo daga masallaci ba sai da na ji sallamarsa a bayana.

"Mi nika ji haka? Wa ka koya ma ɗiya musu cikin gidan ga?"

Na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla, yadda Malama ta yi mini. Ya zauna a kan buzunsa ya saurara har na kai ƙarshe, domin ba ya katse mai magana.

"Wato," in ji shi, "a tara manyan malamai, su rubuta abin da sunka san ba daidai ba na, su zauna jiran ƙaramar yarinya ta kunyata su?"

"Baba, ba kunyatarwa ba ce. Gwaji ne."

"Gwajin rashin kunya. In suna son ta, su ɗauke ta da ladabinta. In ba su so, ga makarantar unguwa nan, kai ma can kay yi, ba ka mutu ba. Lissahi ku yi ta yi har bango shi cika. Amma wanga darasi na biyu, ba cikin gidana ba."

Na ce, "To, Baba." Ina faɗa ina jin cewa abin da nake so Auta ta bari shi nake yi, amma ban ga wata amsa da ta dace da ɗa a gaban mahaifinsa ba.

Inna tana ƙofar ɗaki, duk abin da aka yi a kunnenta. Bayan kwana biyu ta miƙo mini ƙullin maganin ciwon gwiwa ta ce in kai wa mahaifinta a Kwalkwalawa. "Ka tahi da Auta, ta daɗe ba ta ga tsohon ba," in ji ta. Na ce jarrabawa ta matso, ba lokacin yawo ba ne. Ta dube ni ta ce, "Babanku cewa yay yi cikin gidanshi. Ku dai tahi."

Kakanmu manomin fadama ne. Ƙauyensu yana dab da jami'ar da na yi, kuma sau da yawa a wurinsa nake cin abincin rana idan darasi ya tsaya. Mun tarar da shi a gindin mangwaro a bakin hanya, ya tara dankalin da mu a nan muke kira kudaku, wasu ɗalibai mata suna zaɓa. Zafin bazara ne, ko ganye ba ya motsi. Yana hango mu ya ajiye mafici.

"A'a! Ga mai Hausar rediyo, ga kuma 'yar birni mai tsoron kwaɗo. An ce kin ci jarrabawa. Wurin wa kik kwafa?"

Ina shirin amsawa a madadinta, kamar yadda na saba, sai na ji muryar Auta a sama, tas, irin wadda ban taɓa ji a gidanmu ba.

"Wurinka mana, tsoho, tunda kai ka da digirin kudaku."

Ɗaliban suka fashe da dariya. Kaka ya kama haɓa ya ce an lalata yaran zamani. Ya ce ta jawo masa tabarmarsa yamma da itacen, can inuwa za ta koma.

"Haba Kaka! Rana ta yi yamma, inuwa gabas za ta. Idon na yat tahi, ko kan na?"

"Ke! Shekarata nawa ina zama gindin itacen ga?"

"Duk shekarun cikin rana kaka zama ke nan, shi ya sa kay yi baƙi."

Na tsaya da ƙullin magani a hannu ina kallonsu. Wasan jika da kaka ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ni ma na yi nawa da shi ina ƙarami. Amma ban taɓa ɗaukarsa wani abu da ya wuce raha ba. Sai a ranar na ga cewa a duk duniya akwai babban mutum ɗaya, mai furfura, wanda al'ada ta yarje wa Auta ta dubi idonsa ta ce masa bai yi daidai ba, kuma babu wanda zai kira haka rashin kunya, har Baba. Na kuma gane dalilin da ya sa maganin gwiwa ya zama na gaggawa a wurin Inna.

Da ɗaliban suka tafi na zauna na gaya wa Kaka halin da ake ciki. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wato abin da ɗiyag ga ka yi min kullum, shi na anka mayar jarrabawa? To ai ta ci ta gama. Kawo abin naku."

Kaka bai yi boko ba, saboda haka muka raba aiki. Ni nake rubuta lissafin a ƙasa da tsinke, da kuskurensa a ciki, shi kuma ya ɗauke shi ya zama nasa. Yakan gyara zama, ya haɗe fuska, ya nuna da sandarsa ya ce, "Wanga lissahi ni niy yi shi, kuma babu mai gyara min." Auta ta tsuguna ta bi layukan da ido.

"Nan kab ɓata."

"Ni za ki gyara? Ni fa nih haihi uwarki!"

"Ko kai kah haihi garin ga duka, tara ba ta shiga ashirin sau ukku."

"To in kin isa, gaya min dalili."

A nan ne na sami abin da ban zo nema ba. Domin ta rufe bakin Kaka, dole ta yi bayani, kuma dole bayanin ya zama wanda mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai gane. Takan tsinci duwatsu ta kasa su, ko ta zana kunyoyin gona a ƙasa, ta bi da shi daki-daki har ya rasa inda zai tsaya. Shi kuma da gangan yake ƙin ganewa, sai ta sake ta wata hanya. Shekara da shekaru ina ganin amsoshin Auta a takarda, amma sai a gindin mangwaron nan na fara jin yadda take tunani. Babu gaggawa a cikinsa, kuma ba ta tsallake mataki.

Mun yi ta komawa kowane ƙarshen mako har lokacin jarrabawa ya zo. Baba ya san inda muke zuwa, ina kuma kyautata zaton ya san abin da muke yi, amma bai tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba. Shirina mai sauƙi ne, na kuma gamsu da shi. Na ce mata, "Idan kin shiga, ki ɗauka Kaka ne a gabanki. Abu ɗaya kawai, kada ki ce masa tsoho." A raina na riga na zana masu tantancewar: dattawa masu furfura da manyan riguna, sa'o'in Kaka ko kusa da haka.

An yi jarrabawar a wata makaranta da ke ɗaya gefen gari. Iyaye da malamai muka zauna a inuwar dogon yaro, yara kuma suna kan benci a baranda, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Malama ta zo, ta zauna kusa da ni tana fifita da gefen gyalenta. Wasu yaran suna fitowa da murmushi, wasu suna share ido. Da aka kira Auta, ƙofar ta buɗe sosai, na hango cikin ɗakin. Maza biyu suna zaune a gefe suna rubutu. Wadda ke tsaye a gaban allo da alli a hannu kuwa mace ce, sa'ar Inna, da mayafi da tabarau, har tsayuwarta irin ta yayar Inna ce. Aka rufe ƙofa.

Malama ta dube ni. "Yarona, yaya na ga fuskarka ta canza?"

Na ce, "Malama, na shirya ta ne domin kaka. Wannan kuwa uwa ce. A wurinmu babu wasa tsakanin 'ya da uwa."

"To sai ka yi addu'a irin taku, ni ma in yi irin tawa."

Kowannenmu ya yi tasa. Ba zan ce hankalina bai tashi ba, amma ban yanke ƙauna ba. Dabarar da na ba ta ta rushe, wannan gaskiya ne. Sai dai na ji da kunnena yadda take bayani, na kuma san cewa wanda ya saba faɗin abu da bakinsa ba ya komawa daidai yadda yake a da.

Ta daɗe a ciki fiye da waɗanda suka gabace ta. Da ta fito, abin da na fara gani shi ne farin alli a yatsunta da gefen hijabinta. Malama ta riƙo hannun ta juya shi ta duba. Na tambayi Auta yadda aka yi, ta ce sai mun je gida. A cikin Keke Napep ta yi ta kallon hanya har muka iso.

Mun tarar da Baba a gida, alhali ba lokacin tashinsa daga kasuwa ba ne. Yana zaune a kan buzu a tsakar gida, Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Auta ta durƙusa ta gaishe shi.

"To, ɗiyata, mi anka yi?"

Ta ce da farko sun tambaye ta abubuwa da Turanci, ta amsa. Daga nan matar ta rubuta tambaya a allo: kafinta yana yanka katako gida uku a cikin minti shida, to minti nawa zai ɗauka ya yanka irinsa gida shida? Matar ta ce abu ne mai sauƙi, tunda shida ninkin uku ne, sai a ninka lokacin, ta rubuta goma sha biyu, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Sa'an nan ta juyo ta ce, kin yarda?

"Kic ce mi?" in ji Baba.

"Ban ce komi ba, Baba. Na so in ɗauka Kaka na, kamar yadda Yaya yac ce, amma in na ɗaga kai sai in ga kamar Inna. Bakina yaƙ ƙi buɗewa."

Inna ta dakata da tankaɗe. Baba ya dube ni ta gefen ido da ya ji an ambaci Kaka, ya mayar da kallonsa kanta.

"Sannan?"

"Ɗaya daga cikin mazan yac ce in ba ni da magana in tahi. Sai nic ce, don Allah a ba ni alli in gwada."

Ta ce matar ta miƙa mata allin. Ta koma gefen allo inda babu rubutu, ta zana katako, ta raba shi gida uku, ta nuna cewa yanka biyu ne kawai a jikinsa, wato kowane yanka minti uku. Ta zana wani katakon ta raba shi gida shida, ta ƙirga yanka biyar. Ta rubuta goma sha biyar. Ta ajiye allin ta ja baya ta tsaya.

Baba ya ɗaga hannunsa na hagu, ya sara shi da gefen na dama sau biyu, yana motsa leɓe. Ya gyaɗa kai.

"Kin goge nata?"

"A'a, Baba. Na bar shi yadda yake."

"Kin ɗaga mata murya?"

"A'a."

"To shi ke nan sai tac ce ki tahi?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ce a'a. Matar ta daɗe tana kallon allon, sa'an nan ta bar Turanci ta koma Hausa. Ta ce, ɗiyata, ga amsa biyu a allo, kuma ba za su zama daidai duka ba. Tsakaninki da Allah, tawa ce daidai ko taki?

Baba ya gyara zama.

"Nic ce, ki yi haƙuri, Inna, tawa ta."

"Inna kic ce mata?"

"Shi yaz zo min a baki, Baba."

Inna ta sa gefen zane ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki carbinsa ya ja kaɗan, ya ajiye.

"Tunda ta haɗa ki da Allah," in ji shi, "da kin ce tata ta, da kin yi ƙarya. Ban kuwa koya ma kowa ƙarya cikin gidan ga ba. Tashi ki wanke hannu ki ci abinci."

Da ta shiga ɗaki ya juyo gare ni. Na gyara durƙuso ina jiran faɗa a kan zuwa Kwalkwalawa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gwiwar tsohon ta yi sauƙi?" Na ce ta yi. Ya ce madalla.

Sakamakon ya ɗauki lokaci kafin ya fito, har damina ta sauka. A tsawon jiran nan ban yi shakka ba, kuma duk wanda ya tambaye ni nakan ce masa mu dai muna shiri. Malama ce ta kira ni a waya wata safiya, ta ce an ɗauki Auta. Na sami Baba a zaure yana shirin fita kasuwa, na durƙusa na gaya masa. Har lokacin bai taɓa furta cewa ya amince ta tafi makarantar kwana ba, saboda haka na tsaya ina jiran abin da zai ce.

Ya yi hamdala, ya sa takalminsa. Ya tambayi lokacin da za a buɗe makarantar, na gaya masa.

"Ka tahi da kanka ka gano min wurin," in ji shi. "Ka ga ɗakin kwanansu, ka ga matar da ka kula da su, ka ga inda suka salla. In ka dawo, ka biyo ta rumfa mu je a zaɓo mata akwatin ƙarhe."